AZUMIN DA KE CIYAD DA BAƘO

Jawabin da aka yi wa taron jubili a madadin 'yan'uwa mazauna Tamanrasat, ta ƙasar Aljeriya

Mun kawo muku gaisuwar 'yan'uwanku da ke zaune can tsakiyar Hamada, a garin Tamanrasat. Ba su da yawa, galibinsu kuwa leburori ne da magina da masu ƙaramin ciniki, amma suna tunawa da ku cikin addu'a, suna kuwa roƙo kada ku manta da su.

An ce mu yi magana a kan alheri da kyauta a kwanakin azumi. Mun yi murna da aka haɗa wannan magana da ranar jubili, gama Littafi Mai Tsarki da kansa ya haɗa su. In kun duba Littafin Firistoci sura 25, za ku tarad da umurnin shekara ta hamsin, wadda a cikinta ake sakin bayi, kowa kuma ya koma ga gonar kakanninsa. To, wace rana ce ake busa ƙahon da ke sanad da shigowar shekaran nan? Ran goma ga watan bakwai ne, watau Ranar Kafara, ranar da dukan Isra'ila ke ƙasƙantad da kansu da azumi. Ashe da yunwa a cikinsu suke jin busar ƙahon. Ran da mutum ya hana wa bakinsa abinci, ran nan aka umurce shi ya buɗe hannunsa ya saki ɗan'uwansa.

Garin da muka fito

Bari mu fara gaya muku irin wurin, gama da yawa cikinku suna jin sunansa ne kawai a bakin matafiya. Tamanrasat tana gindin duwatsun Ahaggar, ƙasar Abzinawa, tudunta ya kai wajen mita 1,400 bisa teku. Daga birnin Aljas zuwa can tafiyar kilomita wajen 1,900 ce a mota. Daga can kuma in ka yi kudu wajen kilomita 400 sai ka iso In Gezam, bakin iyakar Nijar. Gaba kaɗan sai Asamaka, sa'an nan Arlit, sa'an nan Agadas. Da damina babu ruwan kirki, da hunturu kuwa sanyin dare yakan sa haƙori kaɗawa. Duk wanda ya zaga kasuwar garin zai ji Hausa kamar yana Damagaram ko Maraɗi, gama mutanenmu sun daɗe suna bin hanyan nan, waɗansu da fatauci, waɗansu da neman aikin ƙarfi, waɗansu kuwa yunwa ce ta kore su daga gida.

Garin Musulmi ne. Masu bin Yesu a cikinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai, kusan dukansu baƙi. Saboda haka tambayar da ke gabanmu kowace shekara in kwanakin azumi sun zo ita ce: baƙo matalauci, wanda shi kansa yake kwana a ɗakin haya, me zai bayar, wa kuma zai ba?

Abin da na dā suka bar mana

Mun sani ba dukan ekklesiyoyinmu ke kiyaye kwana 40 da ke gaban Ista ba, ba mu kuwa ɗora wa kowa wannan a kan doka. Ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya, ba mai sayensa da yunwar ciki, ba kuwa mai sayensa da sadaka. Amma al'adar tsohuwa ce, tun ƙarni na huɗu ake yinta. Ana farawa ran Larabar Toka, a ƙare ran Asabar ta jajibirin Ista, kwana 46 ke nan, a fid da Lahadi shida saura 40, domin tunawa da kwanakin da Ubangiji ya yi cikin jeji. Mu da ke zaune cikin jeji na ainihi mun ga amfaninta.

Annabi Ishaya, cikin sura 58, ya ba da labarin mutanen da suka yi azumi suka kuma yi gunaguni wai Allah bai kula ba. Amsar da aka ba su mai zafi ce. An gaya musu a ranar azuminsu suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna, an kuma nuna musu irin azumin da Allah ke so: a kwance wa wanda aka ɗaure, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar masauki cikin gida, a tufatad da huntu. Ubangiji kuma cikin Matta sura 6 ya jera abu uku wuri ɗaya, sadaka da addu'a da azumi, ya yi gargaɗi iri ɗaya a kan ukun, watau kada a yi su domin idon mutane.

Masu bi na farko sun ɗauki maganan nan da gaske. A ƙarni na biyu wani masani na birnin Atina, Aristidis, ya rubuta wa Sarkin Rum bayanin halin Kirista. Cikin abin da ya shaida har da cewa in akwai mabukaci a cikinsu, su kuwa ba su da rarar abinci, sukan yi azumin kwana biyu ko uku domin su ba shi abin da da za su ci. Ku lura, 'yan'uwa, ba masu arziki ba ne ake zance. Talakawa ne waɗanda ba su da rumbu sai cikinsu, suka kuwa buɗe shi.

Ƙasar da muke baƙunci a cikinta ma tana da nata gadon. Wajen shekarar 253 mahara suka kwashe waɗansu masu bi daga garuruwan Numidiya, watau gabashin Aljeriya ta yanzu. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya tara gudummawa wurin jama'arsa, kuɗin Rum 100,000, ya aika a fanso su. Agustin kuma, wanda aka haifa a shekarar 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras, ya yi aikin bishop a Hippo, watau Annaba, har rasuwarsa a 430. Cikin wa'azinsa na kwanakin azumi yakan kwatanta azumi da sadaka da fikafikai biyu waɗanda addu'a ke tashi da su. Sadakar kuwa ya kasa ta biyu, ba da abin hannu da yafe laifi, domin kada wani ya ce shi ba shi da abin bayarwa. Almajirinsa da ya rubuta tarihinsa ya ce har kayan azurfa na ɗakin sujada ya sa aka narke domin fansar kamammu da taimakon matalauta.

Mutumin da aka shayar da nonon awaki

Yanzu bari mu zo Tamanrasat kanta. Ba wanda zai yi zancen Kirista a garin nan ya tsallake sunan Sharl de Fuko. Bafaranshe ne, limamin Katolika. Akwai abubuwan da koyarwarmu ta rabu da tasa, ba mu ɓoye wannan ba, amma labarinsa yana da abin koyi, gaskiya kuwa ko a bakin wa ta fito a karɓe ta.

An haife shi a 1858, ɗan babban gida. Da ƙuruciya ya yi soja, ya ɓatad da dukiyar gado wajen shagali. A 1886 ya tuba, ya bar kome. Ya yi zaman bara a Nazarat, sa'an nan ya zo Hamada a 1901, ya fara zama a Bani Abbas, inda ya ga cinikin bayi da idonsa, ya yi ta kuka a kansa, har ya fanshi waɗansu da ɗan abin da ya samu. A 1905 ya iso Tamanrasat. A lokacin ba gari ba ce, 'yar ƙauye ce mai gida wajen 20. Ya gina ɗan siririn ɗaki na ƙasa da duwatsu, ya zauna, yana ba mutane magani da allura da ɗan hatsi, yana kuma koyon harshensu dare da rana.

A 1907 fari ya sauka a Ahaggar. Aka wuce shekara ba ruwa, makiyaya ta ƙone, awaki suka ƙafe, masu raƙuma suka yi nisa neman ciyawa, aka bar talakawa da yunwa. Shi kuwa ya buɗe ajiyarsa ya yi ta rabo, yana rage nasa cin, ga aikin rubutu ba hutawa. Farkon 1908 jiki ya ƙi. Ya kwanta, ba ya iya ko motsi, har ya sa rai da mutuwa, ba ɗan'uwa kusa, ba likita.

Su wa suka tashe shi? Abzinawan nan Musulmi, waɗanda su kansu yunwa ke ci. Suka bi duwatsu har nisan kilomita 4 kowane gefe, suna neman duk akuyar da ke da sauran ɗigon nono, suna tatsowa suna kawo masa, har ya farfaɗo. A shekarar fari, nonon akuya ba ƙaramin abu ba ne, abincin 'ya'yansu ne suka raba da baƙo.

Masu nazarin tarihinsa sun ce daga nan zamansa da mutanen ya sake. Dā shi ne mai bayarwa kullum, su masu karɓa, kun kuwa san mai bayarwa kullum yana da wani tudu da yake tsaye a kai, ko ya sani ko bai sani ba. Da ya sha daga ƙwaryarsu sai ya zama maƙwabci. Ya ƙara shekara takwas a cikinsu. Ya tattara waƙoƙinsu, ya rubuta ƙamus na harshensu mai shafi fiye da 2,000, wanda har yau masana ke aiki da shi. Ran 1 ga Disamba 1916, cikin hargitsin Yaƙin Duniya na Farko, mahara suka kama shi a ƙofar gidansa, wani yaro da aka sa tsaronsa ya firgita ya harbe shi. Bai bar ekklesiya a garin ba, ba a kuwa san Ba'abzine ko ɗaya da ya yi wa baftisma ba. Amma Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar, ya aika wa 'yar'uwarsa takardar ta'aziyya har Faransa, irin wadda mutum ke rubutawa in ya rasa amini.

Wannan ya tuna mana da Iliya. Cikin 1 Sarakuna sura 17, da fari ya yi tsanani, Allah bai aiki annabinsa gidan mai arziki na Isra'ila ba. Ya aike shi wurin gwauruwa ta Zarefat, baƙuwar al'umma, wadda ba ta da kome sai ɗan gari da ɗan mai. Wanda zai koyi kyauta sai ya koyi karɓa kuma, ba tare da raini ba. Mu a Tamanrasat muna koyonta kowace shekara. A 2025 watan Ramadan da kwanakin azuminmu sun zo tare cikin Maris. A garuruwan Aljeriya akan buɗe wuraren buɗa baki kyauta domin matafiya da matalauta, ba a kuwa tambayar mutum addininsa kafin a miƙa masa dabino da miya. Baƙi da yawa, har da masu bi, sun ƙoshi a teburan nan. In maƙwabtanmu suna haka, mu da muka ce mun ɗanɗana alherin Kristi, wane hanzari za mu kawo?

Waɗanda ke kan hanya

Akwai abin da ba za mu iya yin shiru a kansa ba a gaban taro irin wannan. A shekarar 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit suka nufi Tamanrasat, suka lalace cikin Hamada kafin su kai iyaka. Da masu nema suka isa, gawa 92 suka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Galibinsu mutanen ƙasar Kance ne, ta jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, waɗanda rashin amfanin gona ya sa suka tafi neman abin sa wa a baka. Gwamnatin Nijar ta sa aka yi makoki na kwana uku.

Tun daga Disamba 2014 kuma aka shiga mayad da 'yan Nijar gida cikin jerin motoci, bisa ga yarjejeniyar ƙasashen biyu, ta Tamanrasat ake bi da su. Mutanen waɗansu ƙasashe kuwa an sha sauke su bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Ba mu zo nan domin mu yi shari'a tsakanin gwamnatoci ba, kowace ƙasa da dokarta. Abin da muka sani shi ne mai ƙishirwa mai ƙishirwa ne, da takarda ko ba takarda. Ubangiji kuwa cikin Matta sura 25 ya sa kansa a matsayin mayunwaci da mai ƙishi da baƙo da ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa.

Abin da muke roƙo a yi

Kada maganan nan ta tsaya a kunne. Ga shawara biyar da muka kawo, domin mu da ke arewa da ku da ke gida.

Ta fari, abin da aka hana wa ciki kada ya koma tukunya da dare. In gida ya bar cin abinci sau ɗaya a yini, uwargida ta auna abin da da za a dafa ta zuba a wani buhu dabam, a gaban yara, domin su gani su koya. Ku yi lissafi. Rabin kilo kowace rana, kwana 40, kilo 20 ke nan. In gida 20 suka yi haka an sami kilo 400, watau buhu 16 na kilo 25. Ba wanda ya yi arziki a cikinsu, amma ga abincin da zai riƙe gwauraye da marayu har wani lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu, a biya haƙƙi kafin a yi kyauta. Wanda ya sa lebura aiki ya biya shi ran nan, kamar yadda Firistoci sura 19 da Yaƙub sura 5 suka yi gargaɗi. Mutumin da ke riƙe da ladan magini a aljihunsa, sa'an nan ya zo ya jefa baiko mai kauri ran Lahadi, da kuɗin wani yake kyauta. Wanda kuma ke bin ɗan'uwansa bashin da ya tabbata ba shi da halin biya, ga jubili ta zo, ya yaga takardar.

Ta uku, a dubi bukatar mutum tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Baƙon da ya sauka daga mota a Tamanrasat sau da yawa ba kuɗi ne farkon bukatarsa ba. Ruwa yake so, da bargo saboda sanyin dare, da wanda zai ara masa waya ya gaya wa uwarsa yana da rai, da mai jin Larabci ko Faransanci wanda zai raka shi asibiti ya yi masa tafinta. Waɗannan ba su fi ƙarfin kowa ba. Zumunta a ƙafa take.

Ta huɗu, ku na gida, alherinku mafi girma shi ne ku tare yunwa tun ba ta kori mutum ba. Matar da ke shirin ɗaukar 'ya'yanta ta hau motar Arlit, maƙwabciyar wani ce a cikinmu. In an ba ta iri lokacin shuka, ko rancen hatsi ba ruwa lokacin bazara, ko aka sa ta cikin adashi ta sami jarin ƙosai, wataƙila ba za ta tafi ba. Waɗanda kuma aka komo da su hannu wofi, kada a tarye su da dariya ko gori. A tarye su da ruwan wanka da tuwo. Magabatanmu da suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da wurin jiyyar kutare na Danja a 1956 sun nuna mana hanya, ba su zaɓi wanda za su wanke wa gyambo ba.

Ta biyar, ita ce mai wuya: kada kyautarmu ta zama ƙugiya. A Aljeriya akwai doka ta shekarar 2006 wadda ta hana a ja Musulmi zuwa wani addini ta hanyar kuɗi ko magani ko makaranta, hukuncinta kuwa ɗauri ne na shekara 2 zuwa 5. Waɗansu suna ganin wannan ta ɗaure mana hannu. Amma tun kafin a yi dokan nan Ubangiji ya riga ya hana mu cinikin rai da buhun gari. Cikin Luka sura 14 ya ce a kira waɗanda ba su da abin ramawa, cikin sura 17 kuma ya warkad da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, bai kuwa janye warkarwar sauran tara ba. Wanda ya karɓi bargo a hannunmu ba ya ɗauke da bashin zuwa sujadarmu. Mu ba shi domin yana jin sanyi, domin kuma Kristi ya ƙaunace mu tun muna nesa. In wata rana ya tambaye mu dalilin begenmu, sai mu amsa da gaskiya da ladabi. In bai tambaya ba, bargon nasa ne.

A kan wannan kuma muna roƙon matasanmu, masu waya a hannu: kada a ɗauki hoton matalauci yana karɓar sadaka a watsa wa duniya. Busa ƙaho ke nan irin wanda Ubangiji ya hana. A wurinmu ma abin ya fi haka, gama hoto ɗaya yana iya jawo wa baƙo wahalar da ba mu da ikon fid da shi daga ciki. A kai da dare, a ajiye, a rufa wa mutum asiri.

'Yan'uwa, shekarun da muke murnarsu yau ba mu muka gina su ba. Waɗansu ne suka bar ƙasashensu, suka sha zazzaɓi, suka binne 'ya'yansu a ƙasar baƙunci. Waɗansu kuma kakanninmu ne da suka ba su masauki da fura tun ba su san abin da suka kawo ba. Mun ci daga hannun waɗannan da waɗancan. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Saboda haka in Larabar Toka ta kewayo, kowane gida ya ajiye buhunsa a bayan ƙofa, kowane mai bin bashi ya duba littafinsa, kowace ekklesiya kuma ta sa 'yan'uwanta na Hamada da matafiyan hanyar Asamaka cikin addu'arta ta Lahadi, da sunan garuruwansu.

Allah wanda ya ciyad da jama'arsa shekara 40 cikin jeji, ya kuma ba da Ɗansa dominmu, shi buɗe hannuwanmu, shi kiyaye masu tafiya, shi saka wa maƙwabtanmu na Tamanrasat da alheri saboda alherin da suka yi mana. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi shi kasance tare da ku duka. Amin.